Kunun Jariri Daga Wata Shida

Sa'ad da aka tashi hutu muka koma gida, da yawa daga cikinmu mu ne 'yan raino. Mama za ta tafi gona, ko kasuwa, ko wurin aiki, sai ta bar mana ƙaramin ƙane da kofin koko, ta ce, "In ya yi kuka ki ba shi." Mukan ba shi ya sha har ciki ya yi tim, ya yi barci, mu ce aiki ya yi kyau. Malamanmu masu goyo da iyayenmu da za su karanta wannan shafi su ma sun san wannan kofi sarai. Abin da muke so mu bincika a darasin nan shi ne abin da yake cikin kofin, gama yaro yana iya ƙoshi kowace rana alhali kuwa jikinsa yana fama da yunwa.

Maganar ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 1990 zuwa yau ana maimaita shi lokaci lokaci, na shekarar 2018 kuwa ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 57 cikin 100. Tsumburewar nan ta fi ƙaruwa tsakanin wata 6 da shekara 2, daidai lokacin da jariri yake koyon cin abinci. Tsayin da ya kuɓuce a wannan lokaci da wuya a cimma shi daga baya. Ba ƙashi kaɗai yake girma a watannin nan ba, har da ƙwaƙwalwar da yaron zai zo da ita makaranta.

Me ya sa wata 6?

Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan tattalin gida zai tarar an rubuta cewa a fara ba jariri abinci tsakanin wata 4 da wata 6. Haka ake koyarwa a da. A shekarar 2001 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a kan nonon uwa zalla har wata 6 cif, bayan an ga cewa jariran da aka bari a kan nono kaɗai ba su cika yin gudawa ba, kuma girmansu bai ragu ba. Zalla ɗin nan ya haɗa da ruwa. Mun san iyayenmu za su ce, "Ko da zafin bazara?" I, ko da shi. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta wanda bai bi ta randa ba.

Amma idan wata 6 ya cika, al'amari ya sake. Jikin jariri ya ninka nauyin da aka haife shi da shi, yana juyi, yana neman rarrafe, nono kaɗai ba ya biya masa dukan bukata. Akwai kuma sinadarin ƙarfe wanda jiki yake yin jini da shi. Jariri yakan zo duniya da guzurinsa na wannan sinadari daga cikin uwa, guzurin kuwa yakan kusa ƙarewa wajen wata 6, nono kuma ba shi da shi da yawa. Saboda haka jinkiri ma laifi ne kamar gaggawa. Jaririn da kansa yakan nuna ya shirya: wuyansa ya tsaya, yana zama ko da an ɗan tallafa masa, yana bin loma da ido, yana kai hannu kwano, in an sa masa cokali kuma ba ya turo shi waje da harshe.

Sai mu lura da abu guda. Fara ba da abinci ba yaye ba ne. Abincin ƙari ne a kan nono, nono kuwa zai ci gaba har shekara 2 ko fiye. Daga wata 6 zuwa shekara 1 nono yana ba yaro rabin ƙarfin da yake bukata ko fiye da haka, a shekara ta biyu kuma wajen kashi ɗaya cikin uku.

Cikin jariri da gwangwanin madara

A nan ne zuciyar darasinmu take, sai mu ɗan yi lissafi.

Cikin jariri ɗan wata 7 yana ɗaukar wajen mililita 200 a zama ɗaya, wato ya ɗara ƙaramin gwangwanin madara kaɗan. Masana sun auna cewa ban da nono, yaro ɗan wata 6 zuwa 8 yana bukatar kalori 200 a rana daga abinci. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Daga wata 9 zuwa 11 bukatar ta zama 300, daga shekara 1 zuwa 2 kuwa 550.

To, garin hatsi giram 100 yana da kalori wajen 350. Idan aka dama koko mai ruwa-ruwa, aka sa kamu kashi 1 cikin ruwa kashi 10, kowane mililita 100 na kokon yana da kalori wajen 35 ke nan. Nonon uwa kuwa yana da kusan 67 a daidai wannan ma'auni. Mu duba da kyau: kokon da muke ba jariri don mu ƙara masa ƙarfi wajen rabin ƙarfin nonon da yake sha kawai yake da shi. Kafin ya sami kalori 200 daga irin wannan koko sai ya shanye fiye da gwangwani 3 a yini. In ya shanye kuwa, ina wurin nono? Ciki ya cika da ruwa, yaro ya rage tsotso, nono ya fara raguwa a jikin uwa gama tsotso ne yake kawo shi, uwa ta ce nono ba ya isarsa, sai ta ƙara koko. Ta haka yaro da yawa suka fara ramewa a gidan da rumbu yake cike.

Ba mu ce koko mugun abu ne ba. Tsamin da yake yi sa'ad da aka jiƙa hatsi yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, yana kuma sa hatsi ya yi sauƙin narkewa. Laifinsa biyu ne kawai. Wajen tacewa ana zubar da dusa tare da wani rabo na abin gina jiki, wajen damawa kuma ana cika masa ruwa don ya bi ta bakin bulumboti ko ya yi saurin wucewa a maƙogwaro.

Gwajin mai sauƙi ne, kowa yana iya yi. Ɗebo kunun a cokali, ka karkata shi. In ya zube nan take kamar ruwa, bai yi ba. In ya ɗan tsaya a cokalin kafin ya sauka a hankali, ya yi. Iyaye sukan ji tsoro kada kauri ya shaƙe jariri ko ya ƙulle masa ciki, amma ɗan wata 6 yana iya haɗiye kunu mai kauri mai laushi in ana ba shi kaɗan kaɗan.

Akwai wata dabara wadda masu yin kunun zaƙi suka sani tun ba yau ba, wato tsiro. A jiƙa gero ya kwana, a baza shi a kan jiƙaƙƙen buhu mai tsabta a rufe, a riƙa yayyafa ruwa kamar kwana 2 har ya tsira. Sa'an nan a shanya shi ya bushe ƙarau, a murje saiwoyi da tsiron a fece, a niƙa. Idan an dama kunu mai kauri sosai aka sauke ya ɗan huce, sai a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin nan a juya. Cikin mintoci kaɗan kunun zai saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, gama akwai wani sinadari a cikin tsiro wanda yake yayyanka sitaci. Sai a mai da shi wuta ya sake tafasa. Ta haka ana iya sa gari ninki biyu ko fiye a cikin kofi guda, jariri kuma ya sha ba wahala. Wannan kaɗai ne kunun da ya halatta ya zube daga cokali. Gero ya fi dawa a wannan aiki. Ɗanyen tsiron dawa yana da dafi, irin wanda yake sa makiyaya su hana shanu cin gyauron dawa.

Hatsi shi kaɗai ba ya gina yaro

A shekarar 1933 wata likita 'yar Jamaika mai suna Sisili Wiliyams, wadda take aiki a asibitin yara a Akra ta ƙasar Gana, lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas, ta rubuta bayani a kan wata cuta da take gani ga yaran da ake ciyar da su da kunun masara kawai. Ƙafafunsu sukan kumbura, fata ta saɓule, gashi ya yi ja. A 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono don an yi masa ƙane. Shekara 90 ke nan, amma har yanzu ana kai irin waɗannan yara asibitocinmu, mu kuwa muna ce da ciwon tamowa.

Maganin yana cikin gidajenmu. Abin gina jiki da yake cikin gero da dawa da masara bai cika ba, abin da ya rasa kuwa yana cikin wake da gyaɗa da waken suya. In aka haɗa su sai su cike wa juna. Kakanninmu da suka ƙago kunun gyaɗa ba su san sunayen sinadarai ba, amma sun yi daidai. Babban cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa yana da kalori wajen 90. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da wajen 40, wato ya fi mililita 100 na koko mai ruwa, ga shi ba ya cin wuri a ciki. Manja kuma yana ƙara bitamin A.

Garin da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan lafiya suke koya wa mata, a kan wannan hikima aka gina shi. Ma'aunin da aka saba shi ne gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Ana soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a haɗa a niƙa, a adana a mazubi mai murfi. Waken suya lalle ne ya soyu sosai, gama ɗanyensa yana hana jiki cin moriyar abinci. Gyaɗa kuma sai an tsince ta da haƙuri. Duk wadda ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, a zubar, domin fumfunar gyaɗa tana da dafi mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. Garin ba na sha haka nan ba ne, sai an dama an dafa.

A da wasu likitocin Turai sukan ce a jinkirta ba yara gyaɗa don kada jikinsu ya ƙi ta. Wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 2015 ya nuna akasin haka: yaran da aka fara ba su gyaɗa tun suna jarirai sun fi tsira daga wannan matsala da wajen kashi 80 cikin 100. Niƙaƙƙiya dai muke nufi. Ƙwayar gyaɗa, da aya, da gurjiya, da guguru ba na ƙananan yara ba ne, gama suna iya maƙalewa a hanyar numfashi.

Sai maganar ƙwai, wadda muka san za ta jawo gardama a wasu gidaje. Ana cewa yaron da aka saba masa da ƙwai zai yi sata. Mu dai ba mu taɓa jin an kama ɓarawo an tarar ƙwai ne ya lalata shi ba. Abin da muka sani shi ne ƙwai guda yana da kalori wajen 70 da giram 6 na abin gina jiki mai kyau ƙwarai, kuma kazar gida tana yin sa kyauta. Sau da yawa akan kai ƙwan kasuwa a sayo biskit da kuɗin, wannan kuwa ciniki ne na hasara. A dafa shi ya dahu sosai, a murtsuke a cikin kunu ko fate. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya sami nama ko kifi ko ƙwai kowace rana, haka kuma ganye da 'ya'yan itace. Mun san ba kowane gida ne zai iya nama kullum ba. Amma ɗan busasshen kifi da aka cire ƙaya aka daka ya zama gari ba shi da tsada, ƙaramin yankin hanta sau ɗaya a mako kuma yana da sinadarin ƙarfe wanda jiki yake ɗauka da sauƙi fiye da na hatsi da ganye. Na hatsi da ganyen ma jiki ya fi ɗaukarsa in an haɗa da abu mai bitamin C, kamar lemo, ko gwaiba, ko garin 'ya'yan kuka.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba: kabewa, karas, dankali mai jan ciki, gwanda, mangwaro, ayaba, alayyafo, garin zogale, alale mai laushi, awara, gwaten acca. Kindirmo mai tsabta ya fi tsala, gama tsala an riga an kwashe mansa. Madarar shanu kuwa sai an tafasa. Ma'aikatan lafiya sun kasa abincin yara gida 8, nonon uwa yana ɗaya daga ciki, suna so yaro ya taɓa aƙalla 5 a yini. Uwar da ta ba da nono, ta dama kunun gero da gyaɗa, ta sa ƙwai, ta ba da ɗan gwanda, ta riga ta cika biyar ɗin ba ta shiga kanti ba.

Cokali, ba ɗura ba

A ranakun farko babban cokali 2 ko 3 sau biyu a rana ya isa. A hankali a kai rabin kofi, sau 2 zuwa 3 a rana har wata 8. Daga wata 9 sau 3 zuwa 4, abincin kuma ya tashi daga mai sulɓi zuwa wanda aka murtsuke da wanda aka yanka ƙanana yadda zai ɗauka da yatsunsa. In ya shekara, abincin gida zai ci. A ba shi kwanonsa daban, gama in an haɗa shi da yayyensa a kwano guda, kafin ya kai loma biyu an sauke. Da kwanonsa ne kuma za a san abin da ya ci.

Dukanmu mun taɓa ganin ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara koko a tafin hannu a bakinsa, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye. Masu yi ba mugunta suke yi ba, so suke ya ƙoshi kafin su tafi aiki. Amma yaron da yake kuka yana neman numfashi yana iya jan kokon zuwa huhu, ya ƙware, ko ya kamu da ciwon huhu bayan kwanaki. Har wa yau yakan koyi ƙin abinci. Sai a zaunar da shi, a fuskance shi, a yi masa magana, a jira ya buɗe baki. In ya kau da kai ya rufe baki, ya ƙoshi ke nan. In ya tofar da sabon abinci ba ƙi ya yi ba, baƙo ne a bakinsa, wani abincin sai an gwada sau 8 ko 10 a ranaku daban daban kafin ya karɓa.

Ɗalibin da ya ga ana ɗura a gida kada ya tashi da wa'azi don ya yi aji uku a sakandare. Ya isa a ce, "Kaka, kawo shi in taya ki, bari in gwada da cokali." In ta ga kwanon ya ƙare ba kuka, ita da kanta za ta faɗa wa maƙwabta.

Game da tsabta kuwa, watannin nan ne gudawa ta fi kama yara, mu kuma mukan ɗora wa haƙori laifi. Haƙori yana sa dadashi ƙaiƙayi da yoyon miyau, amma gudawar daga hannu take, da ruwa, da kofin da ƙuda ya sauka a kai, da kokon safe da aka ajiye har azahar. A wanke hannu da sabulu, na mai bayarwa da na yaron. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye kada a ba shi sai an sake tafasa shi. Kofi da cokali sun fi bulumboti, gama bakin robar nan wuyar wankewa gare shi. Ruwan sha, wanda yanzu ya halatta, ya zama tafasasshe a kofi.

Akwai abubuwan da za a dakata da su. Zuma sai yaro ya cika shekara 1, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba, tana kuwa shanye jiki. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba da alewa suna cika ciki su kashe sha'awar abinci. Gishiri da dunƙule da yaji kuwa, a ɗebi rabon jariri daga tukunya kafin a zuba su, gama ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Sa'ad da yaro ba shi da lafiya akan janye masa abinci a ce ciki ya huta. Wannan kuskure ne. A ƙara ba shi nono, a lallashe shi da abinci mai laushi kaɗan kaɗan, in gudawa ce a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako 2 don ya mai da abin da ya zube.

Ido ba mudu ba ne, ko da yake ya san ƙima, saboda haka a riƙa kai yaro awo kowane wata da katinsa. A can ne za a ba shi ɗigon bitamin A daga wata 6, a maimaita bayan kowane wata 6, a yi masa allurar ƙyanda a wata 9. Akwai kuma ɗan tef mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Yaron da tef ya nuna ja, ko wanda aka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, ba kunu za a dama masa a gida ba. Asibiti za a kai shi a ranar.